Tambaya ta Huɗu

"Ke ce ta huɗu," in ji Darakta, ya miƙa mata takarda bai ko ɗago ya dube ta ba. "Bana 'yar kasuwa ce ke, tumatir kike sayarwa. Da zarar Dogo ya zauna sai ki ɗaga hannu."

Uwar Fayil ta karɓi takardar ta riƙe. Shekara ashirin da shida ke nan tana tsaron ɗakin fayil na Ma'aikatar Kuɗi, har sunan aikin ya danne nata na yanka; masu gadi ma da shi suke gaishe ta. Su shida aka tara a ɗakin shan shayi tun ƙarfe takwas, aka turo ƙofa. Dogo, direban ma'aikata, shi ne manomi, an ba shi malafa an ce ya cire agogo. Mai buga takardu ta zama malamar makaranta. Masinja kuwa ɗan fansho ne bana ma, don kowa ya yarda fuskarsa ta dace da wahala.

"Yallaɓai, shekara uku ke nan ina noma," in ji Dogo, "ko taki ba a taɓa ba ni ba."

Aka yi dariya, har da Darakta. Uwar Fayil ba ta yi ba.

Doka ce ta ce sau ɗaya a shekara Minista ya zauna a gaban jama'a ya amsa tambayoyinsu a kan Asusun Lafiya. Dokar ba ta da aibu ko kaɗan. A ganin Darakta aibun na jama'a ne, domin mutane ne da ba a san abin da zai fito daga bakinsu ba. Shi ya sa ya hutar da kansa, ya koma haɗa tasa jama'ar daga cikin ma'aikata. Shi zai rubuta musu tambayoyi, shi zai rubuta wa Minista amsoshi, kowace da lambarta. Rahoton taron ma tun jiya aka buga shi, har da wuraren da aka tafa.

"Karanta mu ji, Mama," in ji shi.

Ta gyara tabarau ta karanta: "Mai girma Minista, mu 'yan kasuwa muna godiya bisa hangen nesan da aka yi, aka ajiye kuɗin lafiyarmu a babban banki a ƙasar waje. Ko za ka ƙara mana haske a kan ribar da 'ya'yanmu za su ci nan gaba?"

"Ki ɗan sa rai a ciki. Kamar kina karanta sammaci." Ya duba agogonsa. "Af, takardar sabunta katin maigidanki tana kan teburina. In mun dawo zan sa hannu. Yaya jikin nasa?"

"Da sauƙi, Yallaɓai."

Ba da sauƙi ba ne. Kuma ba barazana Darakta ya yi mata ba, shi bai ma san ya taɓa wani abu ba. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

Ba yau ta fara wannan wasan ba. Bara ita ce gwauruwa mai 'ya'ya biyar, bara waccan ungozoma ce daga ƙauye. Ta yi ta tashi tana godiya da bakin mutanen da ba ta taɓa gani ba, ta karɓi ɗan abin da ake ba su a ambulan, ta koma gida ta yi barcinta lafiya. Gaskiya ce wannan, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kanta ita ba.

Asusun Lafiya kuɗin kowa ne. Ana yanka daga albashin ma'aikaci, ana karɓa a rumfar ɗan kasuwa, ana ƙarawa a kan takardar mai mota, da alkawarin za a riƙa sayen na'urorin asibiti ana gyara su. Shekara uku da suka wuce wasu manya suka ga kuɗin sun taru da yawa a gida, zama bai dace da su ba. Suka tashi tawaga guda, suka yi mako biyu a ƙasar waje suna nazari a otal, suka dawo suka ce an samo bankin da zai ninka su. Aka kwashe aka kai, aka ɗaure su shekara goma. Bara bankin ya fara tangaɗi, hukumar can ta rufe ƙofarsa, ta ce sai ta sallami mutanenta tukuna kafin ta waiwayi baƙi. Tun daga ranar babu wanda ya ce ni ne na yi. Kowa aka tambaya sai ya ce gwamnati ce, kamar gwamnati wata tsohuwa ce da ta yi tafiya ba ta bar adireshi ba.

Amma fayil ya san wanda ya yi. A ɗakin Uwar Fayil duk takardar da ta shigo sai an huda ta, an zura ta a zare, an rubuta mata lamba da jan biro a kusurwar sama, sannan an shigar da lambar da bayaninta a bangon fayil na ciki. In aka yi haka an gama. Wanda ya zare ta zai bar giɓi, giɓin kuma ya fi takardar surutu. Shafi na arba'in da ɗaya wasiƙa ce daga tsohon mai binciken kuɗi na ma'aikatar, layi tara kacal, yana cewa kada a kai kuɗin asibiti inda ba za a iya ɗauko su ba ranar da na'ura ta lalace. A gefen wasiƙar Minista ya rubuta da koren biro: "An gani. A ci gaba." Ya sa hannu, ya sa kwanan wata. Mako uku bayan haka aka mai da tsohon ofishin duba sikeli, inda ya yi ta auna duwatsun awo har ya yi ritaya. Uwar Fayil ce ta sa wa wasiƙar lamba da hannunta.

Ta shiga bayi ta canja kaya. Tsohon zani ne da mayafin da ya koɗe, waɗanda matar Darakta ke bayarwa duk shekara, suna warin kabad. Tana ɗaura zanin wayarta ta yi ƙara. Ƙanwar mijinta ce daga asibiti.

"Yaya, an ce sai yamma, ko gobe. Ɗaya daga cikin na'urori biyun ta tsaya tun asuba."

"Shi fa?"

"Yana nan. Ƙafafun sun ƙara kumbura, amma ya kunna rediyo, wai yana jiran ya ji muryarki."

Mijinta mai gyaran rediyo da fanka ne, kafin ƙodarsa ta gaza. Likita ya ce a riƙa yi masa wankin ƙoda sau uku a mako. Sau ɗaya yake samu. Na'urori takwas ne a ɗakin wankin ƙodar, shida an jera su jikin bango an lulluɓe da zanin gado. Ranar da ya fara ganinsu ya roƙi nas ta bari ya leƙa cikin ɗaya, ko Allah zai sa waya ce ta tsinke. Nas ta ce ba waya ba ce, wani ɗan ƙarfe ne da bai fi tafin hannu ba, kamfanin ya ce ba zai ƙara turo ko ƙusa ba sai an biya shi, kuɗin kuma suna can a kulle. Wannan sau ɗayan ma da yake samu, katin iyalan ma'aikata ne ke ba shi. Mai kati yana gaba a layi. Marar kati yana zaune a benci yana kallon ƙofa.

A wannan bencin Uwar Fayil ta san mai tumatir ta gaskiya. Mace ce gajera mai yawan dariya, rumfarta tana bakin tasha, ita ma wanki take zuwa. Wata takwas suna haɗuwa duk Talata. Takan zo da tumatir biyar ko shida a leda ta tura wa Uwar Fayil a cinya, ta ce, "Riƙe, ƙawata, ni an hana ni ci, kada ku ma ku rasa." Duk lokacin da aka kira mai kati ya wuce ta, sai ta janye ƙafafunta ta ba shi hanya, har da yi masa sannu. Mako uku ta yi layi bai kai kanta ba. Talatar da ta wuce, wani ne zaune a wurinta a bencin, aka ce ta rasu. Shekara goma sha tara tana biyan kuɗin Asusu a rumfarta, rasit ɗin duk suna cikin wani gwangwanin madara; ta taɓa kawo su ta nuna wa nas, nas ta rasa inda za ta sa idonta.

Uwar Fayil ta dubi kanta a madubin bayin, da zanin aro da mayafin aro, sai ta ji kunya ta rufe ta, fushi ya biyo baya. A cikin duk sana'o'in duniya, tumatir Darakta ya zaɓa mata.

Bas ɗin ma'aikata ya sauke su a bayan zauren, suka shiga ta ƙofar masu shara ɗaya bayan ɗaya don kada a gan su tare. Ta taga ta hango ƙofar gaba. Jama'ar gaskiya suna can bayan ƙarfe, sun fi ɗari, wasu da takardun asibiti a hannu, wani tsoho a keken guragu. Ɗan sanda yana gaya musu cikin ladabi cewa wuri ya cika. Bai yi ƙarya ba: an cika shi da ma'aikatan hukumomi uku da aka ba hutun rabin yini.

Ciki sanyi ne kamar ba a ƙasar ake ba. An jera ruwan gora a kan dogon tebur, an sa furannin roba. 'Yan jarida suna layin gaba, kowa da kwafin rahoton a cinya, suna hira. Minista ya makara awa biyu, aka tashi tsaye aka tafa masa saboda ya iso. Mutum ne mai kyan murya da fara'a, ya zauna ya ajiye waya a dama, jakar amsoshi a hagu. Wani hadiminsa ya tsaya daga gefe inda zai gan shi. Aikin hadimin ɗaya ne: in mai tambaya ya zauna, ya ɗaga yatsu daidai lambar amsar.

Masinja ya tashi ya yi ta ɗaya, har muryarsa tana rawa yadda ake so. Hadimi ya ɗaga yatsa ɗaya, Minista ya karanta, aka tafa. Mai buga takardu ta yi ta biyu. Dogo ya miƙe da malafarsa ya ce su manoma ba su da bakin godiya. Duk wannan lokacin Minista yana latsa waya, ko yana raɗa da na kusa da shi suna murmushi. Darakta ya leƙa ya ga abu yana tafiya yadda ya tsara, sai ya fice waje ya ga masu kawo abincin 'yan jarida, da suka makara.

Dogo ya zauna. Uwar Fayil ta ɗaga hannu.

Yarinyar da ke yawo da makirfo ta kawo mata. Ta miƙe, takardar tana hannunta na hagu. Takardar katin tana kan teburin Darakta, ba a sa mata hannu ba. Ta tuna ƙafafun mijinta, yadda in ka danna yatsa ramin yake zama. Ta buɗe baki da niyyar ta ce mu 'yan kasuwa muna godiya. Kalmar godiyar ce ta ƙi fita.

"Mai girma Minista," in ji ta, "ni ba tumatir nake sayarwa ba. Mai tumatir ɗin ta rasu ranar Lahadi, tana jiran layi a ɗakin wankin ƙoda. Ni ma'aikaciyarka ce, ni ke riƙe da fayil ɗin Asusun Lafiya."

Ta ji Dogo ya ja numfashi a gefenta. Ta ci gaba.

"An rubuto maka wasiƙa, an ce kada a kai kuɗin nan inda ba za a iya ɗauko su ba. Tana shafi na arba'in da ɗaya. Ka rubuta a gefe an gani, a ci gaba, ka sa hannu. Tambayata ita ce, da ka gani, me ka gani? Wa ya ba ku izinin ɗaure kuɗin marasa lafiya shekara goma a ƙasar da ba mu da ko ɗan sanda ɗaya da za mu aika? Na'ura shida suna lulluɓe a jikin bango saboda ƙarfen da bai fi tafin hannuna ba. Wa zai ce ni ne na yi? Kuma wace rana za a gyara su? Rana nake so ka faɗa, ba nan gaba ba."

Ta miƙa makirfon ta zauna. Layuka biyu ko uku da ke kusa da ita suka yi tsit. Wani ɗan jarida ya ɗago kai, ya duba rahoton da ke cinyarsa, ya sake dubanta, kamar ita ce ta yi kuskuren bugu. Hadimin kuwa bai ji komai ba, shi zaman mutum yake jira. Ya ga ta zauna, ya ɗaga yatsu huɗu.

Minista ya ajiye waya, ya lashi yatsa, ya buɗe shafi.

"Ina godiya ga wannan baiwar Allah, 'yar kasuwa, bisa wannan yabo da ta yi mana," ya karanta, ya ɗago ya yi murmushi ga ɓangaren da ba nan take ba. "Irin waɗannan iyaye mata su ne ƙashin bayan tattalin arzikinmu. Ina tabbatar mata kuɗinta suna hannu na gari, kuma 'ya'yanta da jikokinta za su ci ribar wannan hangen nesa."

Minti huɗu ya yi yana karantawa. Da ya kai aya, na baya suka fara tafi, tafin ya gangaro gaba har ya iso layinta. Mai buga takardu ta tafa idonta a ƙasa. Masinja ya tafa. Aka kira na biyar.

Uwar Fayil ta zauna tana jiran a zo a kama hannunta a fitar da ita. Ta shirya wa wannan, har ta zura takalmanta sosai. Babu wanda ya zo. Da aka tashi, Minista ya wuce ta gabanta ana rufa masa baya, ƙamshin turarensa ya daki fuskarta, bai san ita ce ta huɗu ba. A ce ya zage ta, ko ya sa a kore ta, da ta ji ta yi magana da mutum.

Suka hau bas, aka kama hanyar ma'aikata.

"Mama, kin kusa kashe mu yau," in ji Dogo daga wurin tuƙi, yana dubanta a madubi.

"Ni dai ban ji komai ba," in ji Masinja. "Kunnen nan nawa ya daɗe da lalacewa."

"Ni ma," in ji mai buga takardu. Can kuma ta matso ta ce a hankali, "Da gaske ta rasu?"

"Da gaske."

Sun rufa mata asiri ke nan, ta sani, kuma da zuciya ɗaya suka yi. Amma rufin asirin ya yi mata ɗaci a baki.

Darakta ya tare ta a matakala, fuska a sake. "Mama, an ce kin burge. Wai har muryarki ta canja, kamar da gaske." Ya miƙa mata ambulan, sannan takardar katin, da sa hannunsa da hatimi. Daga ƙarshe ya ɗora mata rahoton taron, shafi goma sha biyu. "A sa a fayil yau. Gobe da safe Masinja zai kai wa kwamitin majalisa, su ga mun cika doka."

Ta shiga ɗakinta ta rufe ƙofa. Ɗaki ne marar taga, kabad-kabad na ƙarfe har rufi, fanka ɗaya da mijinta ya taɓa gyarawa kyauta. Ta cire kayan aron ta ninke, ta mai da nata, sannan ta kira asibiti. Mijinta ne ya ɗauka, numfashinsa yana fita da ƙyar.

"Akawu," in ji shi, sunan da yake tsokanarta da shi tun suna amarya da ango. "Ashe kin koma kasuwa ba ki gaya mini ba. Nawa kwando yau?"

"Malam, ka ji ni?"

"Ina fa. Da an zo tambaya sai su sa tallar sabulu, sai in Minista zai amsa su dawo. Amma na ƙirga, na san ta huɗun ke ce. Na ji an gode miki."

Ta zauna, wayar tana kunnenta.

"Kada ki damu," in ji shi. "Ban gaya wa kowa ba. Da kin ji abin da 'yan ɗakin nan suka yi ta faɗa wa 'yar kasuwar nan. Ƙanwar marigayiya ta zo karɓar takardar shaida, tana tsaye aka karanta. Ta ce Allah ya isa tsakaninta da duk matar da ta tashi ta yi godiya da sunansu."

Nan hawayen da ta riƙe tun safe suka zubo. Ta gaya masa duk abin da ta faɗa a zauren, kalma bayan kalma, da yatsu huɗun, da tafin. Tana jin ƙarar rediyon a kusa da shi.

"To, kin faɗa," in ji shi.

"Na faɗa wa bango. Ko kora ban samu ba, Malam. Katinka ma ga shi an sa hannu." Ta dubi rahoton da ke gabanta. "Akwai abin da zan iya yi wanda ba ya bin iska. Amma in na yi, sunana zai zauna a kai. In suka gani aikin ya tafi, katin ya bi shi."

"Za su gani?"

"Ban sani ba. Wataƙila gobe, wataƙila bayan shekara biyar, wataƙila ɓera ya riga su."

Ya yi 'yar dariya, ta koma tari. Da tarin ya lafa ya ce, "Kin san duk Talata in aka kira ni, matar nan takan janye ƙafa ta ce sannu Malam. Ni kuma in wuce, kaina a ƙasa. Wata takwas ban taɓa iya duban fuskarta ba." Ya numfasa. "In katin ya tafi sai in zauna a benci kamar mutane. Ba cewa na yi ki yi ba, Akawu, tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Amma kada ki ce don ni kika fasa."

Ta ajiye wayar. Ta jawo kujera ta hau, ta sauko da fayil ɗin Asusun Lafiya daga kabad na sama, mai kauri, bangonsa ya yi laushi don taɓawa. Takarda ta ƙarshe a ciki ita ce ta ɗari biyu da shida. Ta huda rahoton, ta kwance zare, ta fara zurawa tana sa lamba da jan biro yadda ta saba. A shafi na biyar na rahoton ta ga kanta: tambaya ta huɗu, daga wata 'yar kasuwa, godiya bisa hangen nesa. A ƙasa an rubuta cewa mahalarta sun yi tafi mai tsawo.

Ta tsaya a nan. Ta ɗauko farar takarda mai tambarin ma'aikata, ta rubuta a sama: "Gyara a kan tambaya ta huɗu." Rubutunta manya ne, a tsaye, irin na wadda ta yi shekaru tana rubuta bangon fayil. Ta rubuta cewa mai tambayar ba 'yar kasuwa ba ce, ma'aikaciya ce da aka sa wa kayan aro, haka ma sauran biyar ɗin ba jama'a ba ne. Sunayensu dai ba ta sa ba. Ta rubuta tambayar kamar yadda ta yi ta, ba ta rage ba, ba ta ƙawata ba. Ta ce a duba shafi na arba'in da ɗaya, da rubutun koren biro da ke gefensa. A layin ƙarshe ta rubuta: "Ba a amsa ba."

Ta huda takardar ta zura ta a bayan shafin, ta ba ta lambarta, ɗari biyu da goma sha biyu, sannan ta ci gaba da sauran har ƙarshe, ta ɗaure zaren ƙulli biyu. Ta buɗe bangon ciki ta shigar da kowace lamba da bayaninta. Yanzu duk wanda ya zare ta, sai ya yi bayanin inda ɗari biyu da goma sha biyu ta tafi.

Saura abu ɗaya. Takarda marar sa hannu ba takarda ba ce a ɗakin nan, ita da kanta ta sha mayar da irinsu. Ta sake buɗe shafin. Ta buga hatimin ɗakin fayil, ta sa kwanan wata, ta sa hannu. Sai ta tuna yau shekara da shekaru babu mai kiranta da sunanta a ginin nan, za su sha wahalar gane ko wace ce. Ta rubuta shi cikakke a ƙasa, da na mahaifinta, da lambar aikinta, baƙi bayan baƙi.

Masinja ya ƙwanƙwasa ya leƙo. "Mama, na gobe ya kammala?"

"Ya kammala."

Ya ɗauki fayil ɗin ya auna nauyinsa a hannu. "Su ma dai ba karantawa suke yi ba," in ji shi, ya sa shi a hammata ya fita.

Ta kashe fanka, ta kulle ƙofa. Ambulan ɗin Darakta ta bar shi a kan kayan aron, takardar katin kuwa ta sa ta a jaka, domin yau dai tana aiki. A tasha ta tsaya jiran bas ɗin asibiti. Rumfar mai tumatir da ke bakin tashar an rufe ta da buhu, an ɗora dutse a kai.